Kaifi daban, tsini daban: amsa kan kalmomin Ingilishi na abubuwa masu tsini

"Assalamu alaikum Mushe, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a tarminal nan Damagaram, bana zan yi BAC in Allah ya yarda. Akwai abin da ke ɗaure min kai a angile. In na buɗe ƙamus na duba thorn sai in ga an ce abu mai tsini, spine abu mai tsini, spike abu mai tsini, prickle ma haka, in na duba sharp a tura ni wajen pointed, in na je pointed a maido ni sharp. Ƙamus na Faransanci kuma kusan duka épine ko pointe yake ba ni. Dan Allah mene ne bambancinsu, kuma ya zan yi in san wadda zan sa in ina rubutu?"

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Tambayarki na fahimce ta, kina ganin kalmomi da yawa amma ƙamus yana ba ki ma'ana kusan guda, kina so ki san inda suka rabu da kuma yadda za ki zaɓa. To ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce, kusan duk shekara sai 'yan ajina sun kawo min irin wannan, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne, hanyar da muke bi mu iso ga Ingilishi ce take da kwana.

Ki duba, mu nan Nijar yaro yana tashi da Hausa a gida, ya shiga lekol a fara mishi Faransanci, sai ya kai sizyem, wato ajin farko na sakandare, sannan ya haɗu da Ingilishi, kuma ƙamus ɗin da ke hannunshi Ingilishi zuwa Faransanci ne. Kenan kowace kalma sai ta ratsa ta Faransanci kafin ta iso kanshi. Matsalar ita ce a wannan fanni na tsini da suka da cizo, Faransanci yana tara abubuwa da yawa a kalma guda, alhali Hausar da kike yi da Inna a gida ta riga ta raba su, kuma sau da yawa rabon Hausa ya fi kusa da na Ingilishi. Abin da nake so ki riƙe kenan tun daga farko, in kin haɗu da kalma irin wannan ki fara tambayar kanki ya ake cewa da Hausa, kafin ki gudu wajen Faransanci.

Misali ɗaya ya isa ki gane. Piquer, da shi Bafaranshe zai ce sauro, da shi zai ce kunama, da shi zai ce zuma, da shi zai ce ƙaya, har allurar likita piqûre ce. Mu kuwa cewa muke sauro ya cije ni, kunama ta harbe ni, ƙaya ta soke ni, an yi min allura. To haka Ingilishi yake yi, sauro bite yake, kunama da zuma sting suke, ƙaya prick take, allurar likita kuma injection. In kika bi ta Hausa ba za ki taɓa rubuta cewa sauro ya yi sting ba, wanda kuwa shi ne kuskuren da na fi gani a takardun yara. Haka hannun agogo, Faransanci aiguille yake cewa wato allura, sai yaro ya rubuta needle, alhali Ingilishi hand yake cewa, hannu, daidai da namu.

Sharp da pointed

Nan ne tushen ruɗanin. A Hausa kaifi daban tsini daban, ba wanda zai ce aska tana da tsini ko allura tana da kaifi sai dai in bai iya magana ba. Kaifi na gefe ne, yanka yake. Tsini na ƙarshe ne, huda yake. To sharp ya haɗa su duka biyun, wuƙa sharp ce, reza sharp ce, allura ma sharp ce, fensirin da aka fiƙe shi ma sharp. Abin da kalmar take nufi shi ne abin zai iya yanka ki ko ya huda ki, wato aikinshi take faɗa. Pointed kuwa siffa kawai yake faɗa, abin da ya tafi yana tsukewa har ya ƙare da tsini, ko zai ji miki ciwo ko ba zai ji ba. Malfar da makiyaya ke sawa samanta pointed ne amma ba ta huda kowa, takalmi mai dogon baki pointed ne, haɓar mutum ma ana iya ce mata pointed. Reza kuma sharp ce amma ba pointed ba ce sam, dan ba ta da tsini. Allura da mashi su ne suka haɗa biyun. Shi ya sa kike ganin ƙamus yana jera sharp da pointed tare a bayanin thorn ko spike, ba maimaici ba ne, ɗaya na gaya miki siffa ɗaya na gaya miki zai iya huda fata. Akwai pointy da za ki ji a baki, ma'anarshi ɗaya da pointed amma na hira ne, kar ki sa shi a takardar BAC. Kishiyar sharp kuma blunt, wuƙar da ta dakushe ko fensirin da bakinshi ya cinye, ana cewa dull ma musamman a Amurka.

Sai point da tip. Point shi ne tsinin kanshi, bakin allura, bakin mashi. Tip kuwa ƙarshen abu ne mai ɗan tsawo ko da ba ya huda, kan yatsa fingertip ne, kan harshe, kan hanci, duk tip. Gefen da ke yanka a wuƙa edge ne, ƙarfen wuƙar gaba ɗaya ban da ƙota blade. Kuma ki yi hankali, kafintocinmu in suna son ƙusa pointe suke cewa, sai yara su ɗauka point ne da Ingilishi, a'a, ƙusa nail ce, kuma wannan kalmar dai ita ce farcen hannu.

Ƙaya, inda Hausa ma ta tara

Yanzu ga inda Hausar tamu ita ma ba za ta fid da ke ita kaɗai ba, dan mu ƙaya muke cewa ga ta itace, ga ta kifi, ga ta bushiya, ga ta beguwa, duk ƙaya. Ingilishi kuwa sai ya tambaya a jikin wa take. Ta kifi bone ce kawai, fishbone, wato ƙashi suka ɗauke ta, in kika ce thorn ya maƙale miki a maƙogwaro za a zaci itace kika haɗiya. Ta bushiya spines ce, wasu su ce prickles. Ta beguwa, dogayen nan masu zanen fari da baƙi, quills ake ce musu, kuma da wannan sunan ake kiran alƙalamin gashin tsuntsu da Turawan da suke rubutu da shi.

Ta tsiro ita ce mai ɗan tsawon bayani, kuma ina son wurin nan dan garinmu garin ƙaya ne, duk wanda ya taɓa fita bayan gari da silifa ya sani. A maganar yau da kullum thorn ya ishe ki ga duk ƙayar da ke jikin itace ko reshe, aduwa, bagaruwa, magarya, gawo, ki ce thorn ba wanda zai ce kin yi kuskure, itacen kuma thorny. Amma masana tsirrai sun raba su uku bisa ga inda ƙayar ta fito. In reshe ne ya rikiɗe ya zama ƙaya, shi ne thorn na ainihi, kamar ta lemun tsami. In ganye ne ko wani ɓangare na ganye ya rikiɗe, spine kenan, kamar ta cactus, da irin dogayen nan da ke gindin reshen dabino, ki duba da kyau za ki ga ganyayen farko ne suka ƙanƙance suka yi tauri, haka ma ƙayar bagaruwa da ke fitowa biyu biyu a gindin ganye. In kuma daga fatar tsiron kawai ta fito, ba ta da jijiya zuwa cikin itacen, kina turawa da yatsa ta gefe ta ɓalle, wannan prickle ce, irin ta furen rose. Ga shi kuwa duk mai jin Ingilishi thorn yake ce wa ta rose, a waƙa da karin magana da ko'ina. Dan haka ni abin da nake gaya wa ɗalibaina, in darasin ilimin tsirrai ne ku bi rabon masana, in labari ne ko insha'i ku bi bakin mutane.

Ƙarangiya kuma fa? Ita ba thorn ba ce, bur ce, ana rubuta ta da r ɗaya ko biyu, wato ɗan ƙwallon iri mai ƙananan ƙayoyi da ke manne wa tufafi da gashin dabba. Kin san yadda take yi bayan damina, ki ratsa gona ki fito bakin zanenki ya cika da ita, ki sa hannu ki cire ta koma ta kama yatsa, ki yarfe ta ƙi sauka sai kin kankare da tsinke. Wannan mannewar ita ce ta sa ta zama bur, ba sukar ba. Cram-cram da muke ji a Faransancin nan yankin ita ce dai.

Sauran na dabbobi ba su da wuya, ƙaho horn, hauren giwa tusk, haƙoran dafin maciji fangs kuma sara da yake yi bite ne, ƙarin kunama sting, Amurkawa su ce stinger, farcen kyanwa claw, na shaho da mikiya talon, bakin tsuntsu beak.

Abin da hannu ya ƙera

A nan tambayar da za ki yi ita ce me ake yi da shi. Needle allura ce, tana da kafa inda zare ke shiga, Ingilishi eye yake ce wa kafar. Pin ba ta da kafa, kai gare ta, riƙe abu take ba ɗinki ba, irin wadda tela ke kafawa a yadi kafin ya ɗinka ko wadda kuke maƙala hijabi da ita. Wadda ake manna takarda a allo, punaise ɗin nan, a Ingila drawing pin a Amurka thumbtack. In kin bi ta wajen dukawa ki tsaya ki kalli mai ɗinka jaka ko takalmi, za ki ga ya ɗora fatar a gwiwa, ya danna wani ƙarfe mai ƙotar itace ya murza har ya ɓula, ya zare, sannan ya bi ramin da zaren fata. Wannan abin hudar shi ne awl, aikinshi buɗe hanya kawai. Tsinken tsire skewer, tsinken sakace toothpick, sartsen da ke shiga yatsa in kina faskare ko kin shafa katako splinter. Turken da ake kafawa a ƙasa a ɗaure akuya stake ne, in ƙarami ne peg. Yatsun cokali mai yatsu prongs ko tines.

Spike da kika tambaya, ƙarfe ne ko itace mai kauri da tsawo da tsini, wanda yawanci a tsaye yake yana jiran wanda zai taɓa shi, irin waɗanda masu walda ke jerawa a saman ƙofar gida ko katanga dan ɓarayi, da na ƙasan takalmin 'yan tsere. Ba a cika kiran ƙayar itace da shi ba, shi ya sa ba za ki ce aduwa tana da spikes ba in kina son magana mai kyau. Barb kuma wani abu ne mai ban sha'awa, shi tsinin da ya juya baya ne, kunnen kibiya ko na ƙugiyar kamun kifi, wanda ke sa abu in ya shiga ya ƙi fita, daga nan aka samu barbed wire, wayar nan mai ƙaya. Mashi spear, in na mahayin doki ne dogo lance, in na wasan jifa ne javelin, kibiya arrow. Kaimin da mahaya ke ɗaurawa a dunduniya, wanda kike gani ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sultan, spur sunanshi, kuma kamar yadda muke cewa a ƙara kaimi haka su ma suke amfani da spur wajen zaburar da mutum.

Aikatau, nan ake faɗuwa a jarrabawa

Sunaye ana iya haddace su, amma aikatau sai an lura da nauyin kowanne. Prick ɗan suka ne mara zurfi, ɗigon jini ɗaya, kamar yadda ake soka yatsa a asibiti in za a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Pierce hudawa ce har ta ratsa, hujin kunnen jaririya pierce ne. Puncture huda abin da ke riƙe da iska ko ruwa, tayar babur in ta taka ƙusa. Poke tsokana ce ko zungura da yatsa ko sanda, ba dole a huda ba. Stab kuwa nauyi gare shi, daɓa wa mutum wuƙa ne, maganar rauni da kisa. In yarinya tana so ta ce allura ta soke ta wajen ɗinki sai ta sa stab, mai gyaran takarda zai ga kamar rahoton 'yan sanda yake karantawa, kuma maki zai tafi a banza alhali ta san abin da take son faɗa, wannan yana min ciwo ƙwarai in na gani.

Sannan kusan dukkansu suna da ma'ana ta biyu wadda ba ta jiki ba, kuma textes ɗin da ake ba ku a BAC sun fi zuwa da wannan. Sharp a kan mutum kaifin basira ne, sharp tongue kaifin harshe, kin ga nan ma Hausa da Ingilishi sun haɗu. In an sa shi bayan lokaci, eight o'clock sharp, ƙarfe takwas daidai kenan ba ƙari. Sharp pain ciwo ne mai suka farat ɗaya. Pointed remark magana ce da aka nufi wani da ita, kusa da habaici ko gugar zana. Thorny problem matsala ce mai sarƙaƙiya wadda duk ta inda ka kama sai ta soke ka. Spike a labarin kasuwa tashin farashi ne na farat ɗaya, kamar yadda kuɗin hatsi ke yi wani lokaci kafin sabon amfani ya shigo, sunan ya zo ne daga yadda layin ke yin tsini a zanen lissafi. Akwai kuma acute, wanda asalinshi Latin ne, dangin aigu da aiguille na Faransanci, amma ba a cewa wuƙa ko ƙaya acute, sai kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba, ko ciwon da ya taso da ƙarfi lokaci guda, ko matsananciyar matsala kamar ƙarancin ruwa.

Yadda za ki karanta ƙamus ɗin

Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, ke ce kike tsayawa a rabin layi. Bayanin ƙamus kashi biyu ne, na farko yana faɗin dangin abu, na biyu yana faɗin abin da ya raba shi da 'yan uwanshi. Duk kalmomin nan danginsu ɗaya, shi ya sa farkon bayanin yake zuwa iri ɗaya, abu mai tsini, abu mai tsini. Ki tsallake wannan ki tafi ƙarshen jimlar, nan za ki ga an ce a jikin reshen tsiro, ko a jikin dabba, ko na ƙarfe, ko ana ɗinki da shi. Wannan wutsiyar ita ce amsar tambayarki. Bayan haka ki karanta misalan da aka bayar a ƙasa, dan su ne ke nuna miki kalmomin da suke tafiya tare.

Shawarata kuma, a matakin da kike yanzu ki rage dogaro da ƙamus na Ingilishi zuwa Faransanci, ki koma na masu koyo wanda ke bayanin Ingilishi da Ingilishi mai sauƙi. Na Longman yana rubuta bayanansa da kalmomi wajen 2000 ne kawai, na Oxford na masu koyo wajen 3000, kuma duka biyun ana samunsu a intanet kyauta har da sautin kalma, in kina da ɗan kuɗin haɗi a waya ya isa. Na Faransancin ki riƙa leƙa shi daga baya dan tabbatarwa. In kin samu ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa, kamar wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, shi ma zai taimake ki sosai a irin waɗannan kalmomi na kayan hannu da tsirrai. Wata dabara kuma mai sauƙi, ki rubuta kalmar a Google ki danna wajen hotuna, spike da thorn in kika gan su da ido sau ɗaya an gama.

A aji abin da nake yi, nakan sa yara su kawo kayan da kansu, wannan ya zo da ƙayar aduwa, wannan ƙusa, wannan tsinken tsire, wata ta ɓalle fil daga hijabinta, mu baza a tebur, kowa ya ɗauki ɗaya ya faɗi sunanshi da Hausa, ya faɗi a jikin me yake ko me ake yi da shi, sannan mu nemo na Ingilishi mu sa shi a jimla. Ki yi haka a gida ke da ƙawayenki, kaye guda, wato littafin rubutu, ki ja layi uku, na tsiro, na dabba, na ƙira, kowace kalma da jimlarta wadda ke kika ƙirƙira ba wadda kika kwafa ba. Kuma ki riƙa furta su da ƙarfi, dan thorn in ba ki sa harshe tsakanin haƙora ba torn zai fito, wato abin da ya yage, sword kuma takobi ba a furta w ɗin da ke ciki.

Abin da na kawo miki Ingilishin rubutu ne da na jarrabawa, wanda ya dogara da na Ingila da Amurka. In kika tsallaka Kano ko Daura za ki ji ana amfani da wasu kalmomin ta wata hanya a kasuwa da tasha, wannan nasu ne kuma yana musu aiki, amma mai gyaran BAC da na ƙamus zai auna ki. Sannan kowace sana'a tana da nata sunaye, likitan tiyata da injiniya da masanin tsirrai suna da kalmomin tsini da ba su shigo nan ba, in Allah ya kai ki jami'a kika ɗauki ɗaya daga cikin fannonin nan, malaman fannin su ne za su ba ki nasu. Ki rubuto jimla goma da kalmomin da muka yi yau ki kawo in duba miki, ki fara da prick da pierce da stab.